Tulun Yaya Bai Faɗi Ba

Kun taso kuna jin cewa tulun Inna Lami faɗowa ya yi daga kan amalanke, ranar da muke kwashe kaya zuwa sabuwar majami'a. Ita da bakinta ta gaya muku haka, ni kuma ina gefe ina tsintar shinkafa, ban ce uffan ba. Na daɗe ina ɗauke da wannan shirun, har ya zo ya fi ciwon gwiwar nan damuna. Tunda 'yar'uwarku Rifkatu ta sayo mini littafi da biro ta ce in rubuta abin da nake so ku da 'ya'yanku ku sani, to bari in sauke kayan a nan. Tulun bai faɗi ba. Ni na kashe shi, kuma ko taɓa shi ban yi ba.

Ku kuna ce mata Inna, ni Yaya nake ce mata, ita kuma har ta koma ga Ubangiji ba ta taɓa kirana Saratu ba, sai Auta. Uwarmu ta rasu ban fi shekara huɗu ba, a ƙauyenmu da ke wajen Lajawa, don haka bayan Yaya na sani, ba bayan uwa ba. Gidajen masu bi a ƙauyen ba su kai yatsun hannu ba. Ƙarƙashin wata tsamiya muke sujada, maza a kan itace, mata a kan tabarma, awaki suna leƙe. Ba mu da ganga, ba mu da mai busa, sai tulu ɗaya da uwarmu ta sayo a kasuwar Wudil wurin wata mai ginin tukwane da ake kira Iya Hansai. Musulma ce, amma da uwarmu ta gaya mata abin da za a yi da shi, sai ta bi tulunan tana ƙwanƙwasa su ɗaya ɗaya da ƙashin yatsa, tana kara kunne, har ta zaɓo wannan ta ce, tunda Allah za a kira da shi, ga mai murya. Da uwarmu ta rasu, Yaya ta gaje shi. Takan rungume shi tsakanin gwiwoyi, ta riƙa bugun bakinsa da ɗan matashin fata, ɗayan hannun yana tafa cikinsa. Sautin ba ya da ƙara, amma a ƙirji ake jinsa, kuma in ta fara, ko tsohon da ya zo da gyangyaɗi sai ya gyara zama.

Tulun yana da tsaga siririya daga wuya zuwa kafaɗa, tun zamanin uwarmu. Da ƙaro ake toshe ta. Duk rani ni ake aika in ɓanɓaro ƙaro a jikin itacen ɗakwara, Yaya ta jiƙa shi ya yi kauri, ta shafe tsagar ciki da waje, ta kife tulun a inuwa ya bushe. Shi ya sa doka ɗaya ce a kansa: ba a zuba masa ruwa, domin ruwa yana narkar da ƙaro. Ina 'yar shekara bakwai na taɓa ɗaukarsa zan tafi rijiya, don in gwada wa 'yan'uwana ni ma na isa. A bakin ƙofa ta cim mini. Shi ne duka ɗaya tak da Yaya ta taɓa yi mini a duniya, kuma bayan ta gama ita ta fi ni kuka. Ku riƙe wannan, zai yi muku amfani a gaba.

Da na auri babanku, aikin koyarwa ya kawo mu cikin garin Wudil. Bayan mijin Yaya ya rasu, ba ta da ɗa ko ɗaya a raye, sai ta biyo mu da akwatinta da tulunta. Manyanku za su tuna tsohuwar majami'ar nan ta laka, mai rufin kwanon da in ruwa ya sauko sai mai wa'azi ya daina magana mu shiga waƙa har a ɗauke. Ban san wani wuri da na taɓa jin daɗi kamar can ba. Ran Lahadi da safe masunta suna hawowa daga kogi da komarsu a kafaɗa, mu muna gangarawa da littattafanmu a ɗaure cikin gyale, a tsaya a gaisa, ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, yaya iyali, har wani ya miƙo wa Yaya ɗan kifi ya ce a yi wa yara romo. Maƙwabcin majami'ar, wani dattijo mai sayar da igiya a kasuwar shanu, yakan ce shi ba ya bukatar agogo ran Lahadi, in ya ji tulun Lami ya san hantsi ya yi. Yaya ba ta iya karatu ba. Ni nake karanta mata Zabura da yamma tana sussukar masara, bayan kwana biyu sai ka ji ayar ta fito daga bakinta da karinta da amshinta. Yawancin waƙoƙin da zumuntar mata take yi a lokacin, a tsakar gidanmu aka haife su, kusa da turmi.

Sai gari ya buɗe. Ɗalibai suka zo, ma'aikata suka zo daga jihohi daban-daban, majami'ar laka ta yi mana kaɗan, har ana leƙe ta taga. Aka fara ginin bulo. A daidai lokacin ne kuma kowane gida ya sami talabijin da faifan bidiyo, muka fara ganin yadda ake sujada a manyan birane: fitilu masu launi, mawaƙa cikin kaya iri ɗaya, mata da ɗaurin kai kamar za a tashi sama. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, abin ya shiga raina. Ni dai Allah ya yi ni da son a ce. Tun ina budurwa in na ɗaura zani sai na zagaya ta gaban mutane. Babanku yakan ce da za a buɗe kasuwa a Aljanna, ni zan fara kafa rumfa. To a shekarar da za a keɓe sabon ginin, ni mata suka zaɓa shugabar zumunta, suka sa ni cikin kwamitin biki. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Ni na kawo shawarar anko. Har Kano na je da kaina, aka buga mana atamfa mai ruwan bula, da hoton sabuwar majami'ar a jiki, zagaye da furanni. Na kawo wa Yaya nata turmin ina ta rawar kai. Ta warware, ta duba gaba, ta duba baya.

“Auta, wannan ba ɗakin Ubangiji ba ne?”

“Shi ne, Yaya. Kin ga har da gicciyen a sama.”

“To in na ɗaura, a kansa zan zauna ke nan?”

Babanku ya yi dariya har ya ƙware da kunu. Ni kuwa na ɓata rai na ce zamani ne, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ta ce haka ne. Ta kai ɗinki, ta kuma roƙi telan ya san yadda zai yi majami'ar ta faɗo a gefe.

Saura mako biyu biki muka zauna taron kwamiti. An riga an sayo kibod na kiɗa da manyan lasifika, an yi hayar janareta, an ɗauko mai bidiyo daga birni. Shugaban mawaƙan matasa, wani ɗalibi mai suna Dauda, yaro ne mai ladabi, kuma har yau ina cewa da zuciya ɗaya yake yi wa Ubangiji waƙa. Shi ya fara sosa ƙeya.

“Mama, akwai maganar tulun nan. Ba ya shiga da kibod, yana ja mana bit ɗin kiɗa baya. Kuma faifan nan har Legas za a kai shi. Kar a ga kamar mu ɗin lokal ne, 'yan ƙauye.”

Faston namu na lokacin, Fasto Bitrus, saurayi ne, bai daɗe da zuwa ba. Na san wasunku suna zarginsa, don haka ku ji abin da ya ce:

“A bar wa Inna ko waƙa ɗaya ce. Da tulun nan aka fara ikilisiyar nan, ni ma tarar da shi na yi.”

Duk aka juyo ana kallona, don an san 'yar'uwata ce. Da na ce a bar mata, da magana ta ƙare a nan. Amma kalmar nan ta Dauda ta riga ta soke ni. Na hango matan birni suna kallon faifan suna nuna tsohuwa da tulu tsakanin ƙafafu, suna tambaya, ita kuwa shugabar tasu daga wane daji aka samo ta? Ni da na taso a gindin tsamiya, ashe kunyar tsamiyar nake ji ban sani ba. Na gyara ɗaurin kaina na ce:

“Fasto, biki ɗaya ne, a yi shi yadda ya kamata. Ku bar ni da Yaya, na san yadda zan yi da ita.”

Kwana goma sha uku ina kwana gida ɗaya da ita, muna cin tuwo a kwano ɗaya, na kasa buɗe baki. Kullum da yamma ina jinta a ɗaki tana gwada sabuwar waƙar da ta shirya wa bikin, a kan ayar nan da ta ce in ba Ubangiji ne ya gina gida ba, magina wahalar banza suke yi. Ni na karanta mata ayar. Har sabon ƙaro ta sa aka sayo mata a kasuwar Juma'a ta shafe tsagar.

Ran Asabar da la'asar, jajibirin biki, muna harabar sabon ginin ana kafa rumfuna, ana jera kujerun roba, Dauda yana gwada makirfo. Sai ga Yaya ta shigo da tulun a kai, a kan gammo, tana takawa a hankali. Na tare ta tun kafin ta kai ƙofa. Har yanzu ban san daga ina dabarar ta zo mini ba, a shirye na same ta a bakina.

“Yaya, sannu da zuwa. Kin ga gobe baƙi za su yi yawa, ga zafi. Randunanmu ba za su isa ba. Da za ki ara mana tulun nan a ajiye a bakin ƙofa, a zuba wa baƙi ruwa.”

Ta sauke shi a hankali ta ajiye. Ta dubi lasifikan nan da suka fi ta tsawo, ta dubi kibod, sannan ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba.

“Ruwa, Auta?”

“Ruwa, Yaya.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ta ce:

“To. Shayar da mai ƙishi ma sujada ce.”

Ba ta bari kowa ya taya ta ba. Ita ta kai shi gindin darbejiyar bakin ƙofa, ta gyara masa zama da duwatsu uku, ta ɗauki bokiti ta je famfo sau biyu, ta cika shi har wuya, ta rufe da faifai, ta ɗora moɗa a kai. Ɗan matashin fatar kuwa ta soke shi a ƙugu ta tafi gida.

Shekara da shekaru ina gaya wa kaina cewa mantawa na yi da maganar ƙaro, hidima ta yi mini yawa. Yau da nake rubutu, babu wanda zan yi wa kwalliya. Tun tana zuba bokitin farko na tuna. Ni da nake ɓanɓaro ƙaron da farcena, ni da aka daka a kansa, yaya zan manta? Taku goma ne tsakanina da ita. Ina tsaye ina riƙe da ƙyallen ado, na ce a raina kwana ɗaya ba zai yi masa komai ba, na juya na ci gaba da nuna wa yara inda za su rataya balan-balan.

Kada ku zaci zan ce muku washegari janareta ya mutu aka rasa kiɗa aka koma neman tsohuwa. Ina ma haka aka yi. Komai ya tafi daidai. Majami'a ta cika ta batse, anko ya yi kyau, kibod ya yi ta zuba, manyan baƙi suka yaba, aka kira ni gaba aka tafa mini. Matasa suka yi waƙoƙin Turanci, sannan suka ɗauki biyu daga cikin waƙoƙin Yaya suka sa musu sauri, jama'a suka tashi suna rawa, ba wanda ya ce ga mai su. Ita tana can layin baya cikin ankonta. Ruwa kuwa, wani ɗan kasuwa ya kawo buhunan ruwan leda cikin ƙanƙara, kowa da nasa a hannu. Ko mutum ɗaya bai ɗaga faifan da ke bakin tulun ba.

Da aka watse na zagaya gindin darbejiya. Ƙasa ta jiƙe ta yi baƙi kewaye da duwatsun, kaji suna tsattsagar laimar. Tsagar ta buɗe daga wuya har gindi, za ka iya zura tsinke. Na ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya amsa mini kamar busasshen katako. Kafin in san abin yi, Yaya ta zo ta ɗauke shi ta ɗora a kai. Da kuka tambaye ta a gida, a nan ne ta ƙirƙiro muku amalanke.

Ran Juma'ar da ta biyo na tafi layin masu tukwane. Iya Hansai ta daɗe da rasuwa, 'yarta Hajiya Kande ce a rumfar, ita ma ta tsufa. Muka gaisa, ta tambayi Lami, ta tambayi malam da yara, na ce tulun kiɗa nake so, ko nawa ne. Ta dube ni ta ƙasan ido.

“Na Iya fa?”

“Ya tsage, Hajiya.”

“Ai da ma a tsage yake. Wa ya sa masa ruwa?”

Na sunkuyar da kai. Ta yi salati ta ce:

“Saratu, ba a gina tulun kiɗa da niyya. Sai a gasa da yawa kafin Allah ya sa ɗaya ya fito da murya, kuma Iya ce mai kunnen ganewa, ni ban gada ba. Yanzu ma wa ke sayen tulu? Duk an koma roba. Ɗauki wannan dai ki gwada, ki ce ina gaishe ta.”

Ta ƙi karɓar komai. Na kawo shi gida na ajiye gaban Yaya tana tsinkar zogale. Ta goge hannu, ta jawo shi, ta tafa sau biyu, ta kara kunne. Ta yi murmushi.

“Tulu ne mai kyau. Zai yi sanyin ruwa.”

A nan na durƙusa, kuka ya ƙwace mini, na ce ta gafarta mini. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce:

“Tashi, Auta, kar yara su shigo. Na gafarta miki tun ran Asabar, kafin in kai famfo. Tulu ƙasa ne, mu ma ƙasa ne. Da kin zo kin ce, Yaya, zamani ya wuce ki, ki huta, da na ji zafi kwana biyu ya wuce. Amma sai kika yi mini dabara, kamar wata baƙuwa. Ni na goye ki fa.”

Ba ta sake tayar da maganar ba. Ta yi shekara shida bayan haka, ba ta taɓa fashin sujada ba, ba ta taɓa canza mini fuska ba, ita ta yi jinyata lokacin da aka yi mini aiki. Amma ba ta sake cewa in karanta mata Zabura ba, kuma tsakar gidanmu bai sake haifar waƙa ba. Waƙar da ta shirya wa bikin, ta bangon ɗaki kawai na ji ta. Na riƙe farkonta, amshin ya ɓace mini, kuma babu wanda zan tambaya. Tulun Hajiya Kande shi ne wanda kuke shan ruwa a ciki in kun zo hutu, kuna cewa ya fi firji. Gaskiyar Yaya ce, yana da sanyi.

Ban ce ku jefar da kibod ɗinku ba. Ni ma in an buga ina ɗan gyaɗa kai, kuma na ga waɗanda suka tuba a ƙarƙashin lasifikan nan. Yanzu ma wasu 'yan mata a zumunta sun dawo da tulu, na ƙarfe, suna cewa al'ada ce, suna ɗaukar kansu a waya. In na gani sai in yi dariya in share ido.

Faifan bikin kuwa, wanda saboda shi na yi duk abin da na yi, ban taɓa iya kallonsa ba. Yana ƙasan akwati har bara da Kirsimeti, da jikata Murna ta tono shi ta kai aka juye mata a waya. Ta zo ta zauna kusa da ni tana ta dariyar ɗaurin kaina. Can wajen tsakiya, lokacin da matasa suke yin ɗaya daga cikin tsofaffin waƙoƙin Yaya da gudu, mai bidiyon ya juya kan jama'a, ya bi layi layi har baya. Sai ga ta. Kowa yana tsaye yana rawa, ita tana zaune, bakinta a rufe, gwiwoyinta a ɗan buɗe yadda takan yi wa tulu wuri. Hannunta na dama yana sauka a kan cinya, na hagu yana tafa iska. Ba saurinsu take bi ba. A hankali take yi, yadda aka haifi waƙar kusa da turmi.

Na ce, “Murna, mayar da shi baya. Kashe mini ƙarar.”

Ta ce, “Kaka, in na kashe ai ba abin da za ki ji.”

Na ce ta kashe dai. Ta kashe, ta riƙe mini wayar kusa da fuska, na zuba wa hannun Yaya ido. Ban san lokacin da na fara amsa mata waƙar ba.